Abin da Liman Ya Binne, Ni Na Tono

Rayuwata ta aiki duk na ƙarar da ita ne ina koyar da yadda addini yake shiga rikici da yadda yake fitar da mutane daga cikinsa. Na zauna a tarurrukan sulhu har kujeru sun san ni, na rubuta littattafan da ɗalibai suke haddacewa su amayar mini ranar jarrabawa. Amma sulhu na farko da na taɓa sa wa hannu ɓata shi na yi, kuma a ƙauyen kawuna.

Lokacin ina ƙaramin malami a jami'a, ina neman digiri na biyu. Tsakiyar shekarun saba'in ne, bayan farin nan da ya karkashe dabbobi, Gumel ma tana cikin jihar Kano tukuna. Na zaɓi in yi bincike kan yadda limaman ƙauye suke sasanta manoma da makiyaya. Malamin da yake duba aikina mutum ne mai son hujja. Kullum maganarsa ɗaya ce: kada ka yarda da bakin mutum ɗaya, ka ji wannan, ka ji wancan, ka gwama maganganunsu ka ga inda suka saɓa. Na haddace wannan kamar karatun allo. Sashenmu ya ara mini rikoda mai ɗaukar kaset, da jakarta ta fata mai madauri, na sayi babur na hannu, na taho gida Gumel a farkon kaka ina jin babu kamata.

Wata guda na yi ban zauna ba. Ranar Alhamis ina kasuwar Maigatari cikin shanu da raƙuma, ina bin dillalai da tambaya. Washegari ina Gagarawa, jibi ina Sule Tankarkar, babur yana kafewa a yashi ina sauka ina turawa, rikoda tana dukana a haƙarƙari. Duk inda na je sai a shimfiɗa mini tabarma, a kawo ruwa, a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da na ce ina so in ji labarin faɗan manoma da makiyaya, sai fuskoki su canza, a ce ai nan lafiya lau muke, sai dai ko can gaba. In na je can gaban, su ma su nuna mini gaba. Wani mai gari ya ce mini tun da aka naɗa shi ko akuya ba ta taɓa shiga gonar wani ba, alhali ina kallon tabon sara a goshin mutumin da yake yi masa fifita.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina da saurin fushi tun ina yaro, karatu kuma bai rage mini ba, sai ma ya ba ni manyan kalmomin da zan yi fushin da su. Na riƙa cewa mutanen nan ba su san darajar ilimi ba. Batir yana ƙarewa a kan gaisuwa, kaset goma suna jaka babu wanda ya cika, wasiƙar malamina kuma ta iso tana tambayar ina misali ɗaya tak da na samu daga farko har ƙarshe. Ba na iya cin abinci a zaune. Ina shiga gida in fita, in sake shiga in duba ko na manta wani abu, alhali ban manta komai ba.

Mahaifiyata ce ta gaji da zirga-zirgata. Wata rana da hantsi tana tankaɗe, na zo na wuce ta gabanta karo na huɗu, ta ce, "Kai da kake neman faɗa a garuruwan mutane, ka taɓa tambayar kawunka abin da ya sami hannunsa?"

Na ja na tsaya. Shekara biyu da suka wuce, ina jami'a, an rubuto mini cewa Kawu ya faɗo daga kan amalanke ya karye a wuyan hannu. Na ce, "Ba amalanke ba ce?"

Ta dubi rariyar da ke hannunta, na ga ta so ta haɗiye maganar amma ta riga ta fita. Ta ce, "Ni ban ce komai ba. Kuma ka ji ni da kyau, kada ka je."

Kafin azahar na kama hanya.

Ƙauyen Kawu yana tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, gidaje kaɗan ne da masallaci da tsamiya babba a ƙofar masallacin. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, gajere mai yawan dariya, mai son a ce ya iya magana. Hannunsa na hagu ya haɗe a karkace, in zai ɗauki buta sai ya juya kafaɗarsa gaba ɗaya. Gonarsa tana arewa da gari, a gefenta akwai rijiyar da kakana ya haƙa. Tun ina ƙarami na san cewa duk shekara, idan an gama kwashe amfanin gona mai gari ya sa aka yi shelar sakin gonaki, wani Bafillace yakan shigo da garkensa ya sauka a gonar Kawu har zuwa faɗuwar ruwa. Shanunsa su ci kara da harawa, su sha a rijiyarmu, su bar wa gonar taki. Shanun Kawu biyu suna cikin garkensa. Matarsa takan kawo nono kowace safiya ta koma da gero. Baffa muke ce masa, dogo ne siriri, ba ya magana sai ta kama, shi ya fara ɗora ni a bayan bijimi ina kuka.

Da na tambayi Kawu maganar hannun, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Wa ya gaya maka? Yayata ko? To ɗana, wannan magana an binne ta."

Na zaci salon magana ne, ashe binnewa ce ta gaske. Ya ce bayan abin ya faru, Liman ya tara su ranar Juma'a a gindin tsamiya. Ya haƙa ɗan rami da hannunsa, ya sa guntun sandar da ta karye a faɗan da bakin laujen da aka ɗaga, ya mayar da ƙasa. Ya tsaga goro ɗaya, ya ba Kawu rabi ya ba Baffa rabi, suka ci a gaban jama'a, aka shafa Fatiha. Sannan Liman ya faɗi sharaɗin da ake faɗa a garin tun kakanni: daga yau duk wanda ya sake tayar da wannan magana, laifin gaba ɗaya ya koma kansa, ko da ranar da aka yi ba ya gari.

Na rubuta wannan a littafina da zumuɗi, har na ja layi biyu a ƙarƙashinsa, na sa a gefe cewa al'ada ce mai ban sha'awa. Ban ga cewa sharaɗin ya shafe ni ba. A ganina ni mai bincike ne, ina tsaye a waje ina kallo, kamar yadda likita ba ya cikin jerin marasa lafiya.

Kwana uku na yi ina bin Kawu. Ya tafi ɗaure damin gero ina bayansa, ya tafi rijiya ina bayansa. Na yi magiya, na yi fushi, na ce zan faɗi jarrabawa a ce ɗan yayarsa ya kasa. A ƙarshe na gano inda yake da taushi. Na ce muryarsa za a ji a jami'a, manyan malamai za su zauna su saurare shi. Sai ya ce in jira. Ya shiga ɗaki ya fito da rigarsa ta Juma'a da hula, ya zauna a gaban rikodar ya gyara zama. Na ce masa akwatin ba ya gani. Ya ce, "Kai ka san haka, ni ban sani ba."

Ya ba da labarin tiryan-tiryan. A shekarar farin ciyawa ta ƙare da wuri, shanun Baffa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya Kawu ya je gona ya tarar da su a cikin wakensa, tun ba a saki gonaki ba, waken da shi kaɗai ya rage masa a shekarar. Ya yi kansu yana kora. "Sai ya ɗaga mini sanda," in ji Kawu. "Shi ya fara. Na tare da hannu, ka ga abin da ya zama." Ihu ya tara mutanen gari, aka fasa wa ƙanin Baffa kai, aka sare wata saniya a agara har sai da aka yanka ta. "Bayan kwana biyu Liman ya zo har ɗakina ya ce mini Baffan naka ya yi nadama. Ya amsa laifinsa ke nan. Ni kuwa na ce tun da ya amsa, na yafe."

Na kashe rikoda cike da murna. Na samu baki ɗaya, saura ɗayan.

Washegari da safe na nufi rugar Baffa, tana can bakin burtali suna jiran a saki gonaki, saura kwana tara. Ya tarbe ni da fara'arsa ta ƙasa-ƙasa, ya shimfiɗa mini buzu a inuwar aduwa, matarsa ta dama fura da nono a ƙwarya sabuwa. Ya tambayi karatu, ya tambayi mahaifiyata, ya tuna mini ranar da na yi kuka a bayan bijimi. Da na kawo maganar, ya girgiza kai a hankali. Ya ce, "Malam ƙarami, sha furarka. Abin da aka binne ba a zama a kansa."

Na sake juya tambayar ta wata fuska, ya sake ba ni amsa ɗaya. Na yi ta uku. Rana tana ɗagawa, ƙudaje suna damuna, ina tuna wata guda na yawo da wasiƙar malamina, ga mutum a gabana yana riƙe da rabin aikina yana murmushi. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Baffa, ai Kawu ya riga ya faɗi nasa. Ba wani abu ba ne. Saurara ka ji."

Na danna rikoda.

Abin da na yi niyya shi ne ya ji muryar Kawu ya saki jiki. Kuma a can ƙasan zuciyata ina so in gwama maganganunsu kamar yadda aka koya mini, in ga inda za su saɓa. Muryar Kawu ta fito tar a cikin rugar nan, har da gyaran muryarsa. Matar Baffa ta tsaya da ludayi a hannu. Ƙaninsa, wanda aka fasa wa kai, ya taso daga wajen maruƙa ya tsaya a bayanmu. Na ji an zo wurin da Kawu yake cewa shi ya fara, na kai hannu zan kashe, Baffa ya ɗora tafinsa a kan nawa. Ya bar ta ta yi ta magana har wurin da Kawu ya ce ya amsa laifinsa ke nan.

Da ta ƙare, Baffa ya daɗe yana kallon akwatin. Ya ce, "Haka ya ce?"

Na ce, "Haka ya tuna. Yanzu kai ma ka faɗi yadda ka tuna, sai in haɗa."

Bai ko dube ni ba. Ya juya ya yi wa ƙaninsa magana da Fillanci, gajeriya, ƙanin ya amsa da ƙarfi, Baffa ya tsawatar masa. Sannan ya ce mini, "Ni Liman ya zo ya ce mini kawunka ya yi nadama. Shekara biyu ina zaune ina ganin na yafe wa mutum. Ashe shi ma yana can yana ganin ya yafe mini." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Ka gaida gida."

Ko a hanyar komawa ban gane girman abin da na yi ba. Ina kan babur ina tsara yadda zan rubuta cewa ɓangarorin biyu sun saɓa a kan wanda ya amsa laifi, ina jin na gano wani abu.

Da gari ya waye matar Baffa ba ta kawo nono ba. Matar Kawu ta auna geron ta ajiye a bakin ƙofa, tana leƙa hanya har rana ta take. Da la'asar muka fito daga masallaci muka tarar da shanun Kawu biyu a ɗaure a jikin darnin gidansa, babu kowa tare da su. Kawu ya tsaya yana kallonsu, ya juyo ya dube ni, ya dubi jakar da ke rataye a kafaɗata. Ya kwance igiyar da hannunsa mai lafiya ya ja su ciki.

Kafin kwana biyu garin ya ɗauki zafi. Samari suka fara cewa tun da Bafillace ya dawo da shanu to ya kwance amana, a toshe hanyar rijiya da ƙaya. Wani ya ce ya ga ƙanin Baffa a bakin burtali da takobi. Wani ya ce ƙarya ne, sanda ce. Mata suka daina zuwa itace ta arewa. Saura kwana shida a saki gonaki, kuma kowa ya san ranar nan garke zai shigo ko an so ko ba a so, don babu ciyawa a daji. Ni kuwa na kasa zama na kasa tafiya. Na hau babur na je Gumel, na kasa haɗa ido da mahaifiyata na juyo. Na tsaya a hanya na kashe inji, na sake tayarwa. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, cewa za a kashe mutum kuma ni ne sanadi.

Liman ya aiko a kira ni. Tsoho ne ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi fari, yana zaune a zaurensa yana gyara alƙalamin kara. Na durƙusa na gaishe shi. Amma da ya ce in faɗi abin da na yi, sai bakina ya koma na jami'a. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni gaskiya nake nema. Ashe sulhun ba a kan gaskiya aka gina shi ba. Kowannensu an sa ya zaci ɗayan ne ya amsa laifi."

Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Na je wurin kawunka, ya ce ya yi nadama. Na je wurin Bafillace, ya ce ya yi nadama. Na kai wa kowa saƙon ɗan'uwansa, ban ƙara ba ban rage ba. Abin da kowa ya ɗora a kai don ya samu ya yi barci, wannan nasa ne, ban taɓa masa ba."

Na ce, "Amma wa ya fara?"

"Ban tambaya ba."

"Ta yaya za a yi hukunci ba a san wanda ya fara ba?"

Ya ajiye alƙalamin. "Alƙali yana Gumel, yaro, da hukunci suke so da can suka tafi. Ni rijiya nake so a ci gaba da sha. In ka gano wanda ya fara, hannun za ka miƙe masa ko saniyar za ka tayar?"

Ina tafasa a ciki, don ina ganin ina da amsa a cikin littattafaina, na dai kasa tuno ta. Ya ce hanya ɗaya ta rage, ita ce wadda garin ya sani. Wanda ya tono shi zai ɗauka. In na tsaya ranar Juma'a na karɓi laifin gaba ɗaya, to babu sauran abin da zai rage a kan Kawu ko a kan Baffa, ba sai an tambayi kowa komai ba. Ya faɗa mini kalmomin da zan faɗa. Ya ce in zo da abin da muryar take ciki.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ranar da aka yi faɗan nan ina jami'a."

Ya ce, "Na sani. Ranar da aka sake yinsa kana ina?"

Ranar Juma'a bayan an sauko, jama'a suka zauna a gindin tsamiya. Liman da kansa ya taka har ruga ya taho da Baffa da ƙaninsa, suka zauna ta arewa, mutanen gari ta kudu. Na miƙe a tsakiya, da wandona na 'yan boko da takalmi sau-ciki, gumi yana bin bayana. Na ce, "Ni na tono. Shanun da suka shiga wake, ni na kora su. Hannun da aka karya, ni na karya. Kan da aka fasa, ni na fasa. Saniyar da aka sare, ni na sare. Ina neman gafarar Allah da taku."

Na taho garin nan in rubuta mutane, ga ni a tsaye ana kallona. Da na zo kan hannun, muryata ta karye, don na dubi Kawu na ga ya sunkuyar da kai yana rufe hannun da rigarsa.

Liman ya haƙa rami a gefen na farko. Na ciro kaset ɗin na miƙa masa, ya jujjuya shi a hannu, ya sa a ramin ya mayar da ƙasa ya danna da tafinsa. Ya tsaga goro. Kawu ya karɓi rabinsa ya jefa a baki nan take. Baffa ya karɓi nasa da hannu biyu, cikin ladabi, ya dube shi, ya sa a aljihu.

Kowa ya gani. Liman ya ɗan jira, sannan ya ɗaga hannu aka shafa Fatiha.

Ba a zubar da jini ba, wannan na gode wa Allah a kansa har gobe. Ba a toshe rijiya ba. Ranar da aka yi shelar sakin gonaki, ni da Kawu muna tsaye a gonarsa tun da sassafe. Ya share wurin da Baffa yake kafa bukkokinsa kowace shekara, ya gyara guga, ya sa sabuwar igiya. Garken ya shigo ta burtali, shanun suka bazu cikin kara suna ci. Baffa ya ɗaga mana hannu daga nesa, muka ɗaga masa. Suka sha ruwa a rijiya. Da rana ta yi tsaka sai muka ga matan sun wuce da jakuna, kayan bukka a ɗaure ba a sauke ba. Ƙaninsa ya tattara shanun, suka miƙe arewa, wajen iyaka.

Kawu ya daɗe yana kallon bayansu. Sannan ya zauna a kan kututturen da ke bakin rijiya, ya ce, "Ɗana, akwatin naka yana nan?"

Na ce na bar shi a gida.

"Madalla." Ya shafa wuyan hannunsa. "Ni na fara. Lauje ne a hannuna, na kai wa saniyar sara, ya tare, na juya kansa. Sandar da ya ɗaga kansa yake karewa."

Na ce, "Kawu, to me ya sa ka ce shi ne?"

"Ka ajiye mini akwati a gaba ka ce manyan malamai za su ji. Wa zai sa rigar Juma'a ya gaya wa manyan malamai shi ne ya fara?" Ya yi wata 'yar dariyar yaƙe. "Ya san ni na fara, na san ni na fara. Shekara biyu bai taɓa nuna mini ba. Ka tashi ka bi shi. Ka ce in ji ni, ni na fara. Ka ce ya ci goronsa."

Na ce, "In ka tayar da ita laifin duka zai dawo kanka."

Ya ce, "To da na wa ne?"

Na ruga gida na tayar da babur. Burtalin yashi ne zalla, na kafe sau uku, a na huɗu sarƙa ta tsinke. Kafin in tura shi zuwa inda za a gyara, yini ya tafi. Washegari na bi sawun garken har inda ya haɗu da sawun wasu garkunan, na rasa wanne ne nasu. Ranar Alhamis na je Maigatari na bi layin shanu ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Wani dillali ya ce ya gan su sun wuce ta bayan ofishin kwastan na bakin iyaka sun haura Damagaram. Wani ya ce a'a, gabas suka yi. Na koma Alhamis ta gaba, da wadda ta biyo ta, har hutuna ya ƙare.

Na rubuta kundina ba tare da labarin ba. Malamina ya rubuta a gefen wani shafi cewa aikin yana da kyau amma babu misali ɗaya cikakke. Na samu digirin, na samu na gaba da shi, aka yi ta ƙara mini girma. Ɗalibaina sun san ni da faɗa a kan abu ɗaya: duk wanda ya ɗauki muryar wani ya kai wa wani, ba zan sa hannu a aikinsa ba. Suna cewa tsohon yana da tsauri, ban taɓa gaya musu dalili ba.

Gonar Kawu ta yi ta raguwa. Wasu makiyayan sun sauka a cikinta wasu shekarun, amma ba kowace shekara ba, kuma babu wanda ya bar wa shanunsa. Duk zuwan da na yi, bayan gaisuwa, yakan ce, "Ka gan shi?" In ce ban gan shi ba tukuna. Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarsa ba ya gane mutane sosai, amma da na durƙusa kusa da shi ya kama rigata da karkataccen hannun nan ya yi tambayar.

Liman ya rasu, mahaifiyata ta rasu, tsamiyar ma an sare ta da aka faɗaɗa masallaci. Baffa ya girmi Kawu, na san lissafin shekaru ba ya tare da ni. Duk da haka in hanya ta biyo da ni Maigatari ranar Alhamis, sai na ce wa direba ya tsaya. Nakan sauka da sandata in bi layin shanu a hankali, ina duba fuskar duk wani dogon tsoho siriri. Dillalai suna zaton saye zan yi, suna ta kama mini hannu. Saƙon Kawu yana wurina har yanzu, ban isar ba.